Yadda Na Kai Aminin Mahaifina Yawo Abzin

A zamaninmu mutum ba ya barin gida sai da dalili: fatauci, ko neman ilimi, ko aikin hajji, ko gudun yunwa. Shi ya sa da na ce zan tafi ƙasar Abzin don in ga gari kawai, mutanen Ƙarfi suka yi ta dariya har a bakin marina. Lokacin Turawa ba su zo ba, ko labarinsu ba mu cika ji ba. Na ba shekara talatin baya, ina noma ina saƙa, kuma damina biyu a jere Allah ya ba mu albarka har na rasa rumbun da zan zuba dawa. Abin da na gaya wa mutane ke nan: na gaji, ina so in huta in ga duniya. Ban yi ƙarya ba, amma ko rabin gaskiyar ban faɗa ba.

Ina ɗan shekara goma mahaifina ya bi ayarin Abzinawa zuwa arewa da sawayen saƙi da ya saro a Maska. Su biyu ne kaɗai daga garinmu, shi da amininsa, wanda muke kira Baffa. Bayan wata goma Baffa ya dawo shi ɗaya. Ya zauna a zaurenmu yana share hawaye da bakin rawani, ya ce zazzaɓi ya kama mahaifina a Agadas, ya cika kansa na bisa cinyarsa, shi ya yi masa wanka, aka yi masa salla da jama'a mai yawa, aka binne shi ba nesa da babban masallaci ba. Inna, mahaifiyata, ta gode masa. Shekara ashirin da biyu tana aika masa da tuwon salla kafin kowa ya ɗanɗana.

Baffa ya zama mai labarin hamada a garinmu. Kowace la'asar yana gindin tsamiya, mutane sun kewaye shi, yana ba su labarin rairayi da ƙishirwa da amana tsakanin abokan tafiya. Ni kaina na sha zama ina saurare, ina jin daɗi idan ya ambaci mahaifina.

Akwai wani Ba'abzine da ke sauka a zaurenmu duk rani idan sun kawo gishiri da dabino su sayi hatsi. Mun saba ƙwarai, har yana kirana ƙaninsa. A ranin da nake ba da labari, bayan ya sauke kayansa ya sha fura, ya ja ni bayan rumbu ya ciro wani abu daga aljihu ya sa mini a hannu. Battar taba ce ta ƙaho, murfinta ya tsage an ɗaure shi da zaren tagulla. Ni na fasa murfin nan da hannuna ina yaro, har na sha duka a kansa.

Na ce, "Ina ka samo wannan?"

Ya ce, "A wata rijiya, can arewa da Damargu. Na ƙara aure a cikin mutanen da ke kiwo a wurin. Kakar matata ce ta ajiye ta. Ta ce wani Bahaushe ya bar ta, yana ta ambaton Ƙarfi har ya rasu."

Ya faɗa mini sauran a hankali, yana kallon ƙasa, yadda ya ji daga bakin tsohuwar da na wasu dattawan da suka bi ayarin. Kurkunu ya fito wa mahaifina a ƙafa, ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya biyo baya. Ayari ba ya jiran mutum ɗaya. Madugu ya bar masa raƙumi da salkar ruwa, abokinsa ya yi rantsuwa zai zauna da shi. Da gari ya waye abokin ya hau raƙumin ya bi sawun ayari. Kwana biyu bayan haka matar nan ta zo shayar da awaki ta tarar da shi a gindin ƙaya. Ta yi ta ba shi nonon raƙuma, ya ƙara kwana tara.

Ban yi kuka ba. Na koma na zauna a kan masaƙata na yi ta jefa ƙoshiya har la'asar, kuma duk abin da na saƙa ranar sai da na warware shi. Daga baya na fita na je gindin tsamiya na gaida Baffa, na durƙusa kamar kullum. Yana cikin labarin yadda ya taɓa raba ruwansa na ƙarshe da wani baƙo.

Na yi tunanin wuƙa, ba zan ɓoye ba. Na yi tunanin kai ƙara wurin alƙali, amma batta ba ta magana, kuma wa zai ɗauki maganar baƙo a kan dattijon gari? Sati guda ina juya abin. Sai wata rana na ga Baffa yana ƙoƙarin miƙewa daga buzu, gwiwoyinsa sun ƙi, sai da aka kama shi. Sanyin ƙashi ya dame shi shekaru. Na tuna Ba'abzinen nan ya taɓa gaya mana akwai wani marmaro mai ruwan zafi a duwatsun ƙasarsu, guragu na zuwa su yi wanka su sami sauƙi.

Na sami Baffa a gida na ce, "Baffa, zan bi Abzinawa in ga ƙasarsu idan za su koma. Ban san hanya ba, kai kuwa ka san ta kamar tafin hannunka. Ka zo mu tafi, raƙumi da guzuri duk a wuyana. Ka yi wanka a ruwan zafin nan."

Ya ce ya tsufa. Amma maganar ta riga ta kai gindin tsamiya, don ni na kai ta. Mutane suka yi ta cewa ai zakin hamada zai koma gida. Mutumin da ya shekara ashirin yana yabon kansa ba ya iya cewa tsoro yake ji. Na kuma gayyaci ƙanin limaminmu, wani malami mai sanyin hali wanda duk garin sun san ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Shi ban gaya masa kome ba. Ina bukatar idonsa da kunnensa ne kawai.

Muka taru a zaurenmu da hantsi don mu zaɓi inda za mu je. Ba'abzine ya share ƙasa da tafin hannu ya riƙa zana garuruwa da yatsa, yana ɗora tsakuwa a kan kowane. Ga Agadas mai doguwar hasumiya. Ga Ingal inda makiyaya ke taruwa ƙarshen damina su ba dabbobi ruwan gishiri, ana tseren raƙuma. Ga Tagidda inda ake shanya gishiri a ƙananan ramuka. Ga Tafadak mai ruwan zafi. Ga Timiya, garinsu, a tsakiyar duwatsu, inda dabino da rumman da alkama ke fitowa. Ya nuna can gefen tabarma ya ce nan ne Bilma, amma wanda ya zo hutu ba ya zuwa can, sai wanda ya gaji da ransa.

Ya ce, "Duka ba za su yiwu ba kafin ayarin kaka ya juyo. Ku zaɓi huɗu."

Na ce mu huɗu ne, kowa ya ɗauki ɗaya.

Malam ya ce shi dai Agadas, yana so ya yi salla a masallacin nan ya gaisa da malamansu. Baffa ya ɗora sandarsa a kan Tafadak. Ba'abzine ya ce in ba mu je Timiya mun ci dabinon gonarsu ba, ba shi ba mu. Raina ya so Ingal, don tun ina yaro nake son ganin tseren raƙuma. Na daɗe ina kallon tsakuwar.

Na ce, "Ni kabarin mahaifina nake so in ziyarta."

Baffa ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Amma ai wannan yana cikin Agadas, Malam ya riga ya zaɓa maka. Ɗauki wani wurin."

Na ce, "A'a, Baffa. A bar shi a matsayin na huɗu."

Ya yi dariya ya ce yaran yanzu ba su iya lissafi ba. Sai ya duƙa kan zanen ya ce abu ɗaya yake roƙo: a bi hanyar yamma, don ta gabas rijiyoyinta ɗaci gare su. Ba'abzine ya dube ni, na ce duk yadda Baffa ya ce haka za a yi.

Na bar wa ƙannena gona, muka tashi da bazara kafin ruwan farko. Muka bi ta Katsina, muka kwana biyu a Tasawa ana jiran labarin mahara, sannan muka shiga Damargu. Itatuwa suka riƙa gajarta har suka koma ƙaya, ƙayar ma ta riƙa nisa da juna. Duk tafiyar nan ni ke durƙusar wa Baffa da raƙumi, ni ke dama masa gumba, ni ke shimfiɗa masa buzu a inuwa mafi kyau. Malam ya ce mini wata rana, "Ko ɗan cikinsa ba zai yi masa abin da kake yi ba." Na ce ai ina so ya isa lafiya ne. Wannan gaskiya ce tsantsa. Da ya mutu a hanya da na yi baƙin cikin da ban taɓa yi ba.

A Agadas muka yi kwana ashirin. Garin ja ne, hasumiyar kuwa tana da itace tsirai-tsirai a jikinta kamar an soka mata kibau. Malam ya ji daɗi sosai. Ran Juma'a da safe na ce wa Baffa ya kai mu. Ya shige gaba cikin maƙabarta yana dogara sanda, yana dube-dube kamar mai tuno wani abu, har ya tsaya a kan wani kabari mai fasasshen tulu a kai.

Ya ce, "Ga shi nan. Da hannun nan nawa na sa shi."

Na ce, "Ka tabbata, Baffa? Shekarun da yawa."

Ya ce, "Mutum na mance inda ya binne rabin ransa?"

Ya zauna ya yi kuka da hawaye na gaske. Malam ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a, na shafa tare da su, don ko wane ne ke kwance a nan yana bukatar addu'a. Amma na sa Malam ya maimaita mini sau biyu a hanyar komawa masauki: kabari mai tulu, kusa da bangon gabas.

A Tafadak ni na goya Baffa a bayana na saukar da shi cikin ruwan. Kwana bakwai yana wanka, kuma wallahi ya ji sauƙi, har ya ajiye sanda. A Timiya muka yi sauran damina. An ce wurin yana da kyau. Na tuna da takarkari yana jan guga daga rijiya, ruwa na bin 'yan hanyoyi zuwa gindin dabino, na tuna an fasa mini rumman na ci. Ban iya cewa ga ɗanɗanonsa ba. Abin da nake gani kullum shi ne ƙeyar Baffa, yana zaune cikin 'yan'uwan mai masaukinmu yana ba su labari da guntun yarensu da ya iya.

Da kaka ta yi muka juyo kudu. Ba mu jira babban ayari ba, mu huɗu muka taho da raƙuma biyar. Kwana uku da barin Agadas Baffa ya fara waige-waige.

Ya ce, "Wannan ba hanyar da muka zo ba ce."

Ba'abzine ya ce, "Zan biya in ga matata."

Daga nan Baffa ya daina labari. Washegari ya ce cikinsa na ciwo, a koma. Na ce masa saura wuri ɗaya a cikin huɗun da muka zaɓa, kuma ba a fasa zaɓin kowa ba, ba za a fara da nawa ba. Ya dube ni, na dube shi. Ina jin a nan ya gane, amma Malam na kusa, sai ya ci gaba da bin mu.

Muka isa rijiyar da azahar. Ba wani abin kallo: bakin rijiya da igiya ta ci itacensa, kwamin shayarwa, bishiyoyin ƙaya uku, bukkokin fata kamar shida a ɗan nesa. Aka fito da tsohuwar, 'yar ƙanƙanuwa, baƙin mayafi ya rina mata goshi. Ta kai mu bayan bishiya ta uku inda aka jera duwatsu tsawon mutum. Na ciro battar na nuna mata, ta karɓa ta shinshina ta mayar mini.

Ta ba da labarin da yarensu, Ba'abzine na fassarawa. Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, cikin ladabi, Hausawa da yawa sun mutu a hanyar nan, batta kuma tana iya canza hannu. Baffa ya yi wuf ya ce haka ne, shi ya sayar da battar a wani zango.

Sai tsohuwar ta ce wani abu, Ba'abzine ya ce, "Ta ce akwai maganar da yake ta maimaitawa. Ba ta san ma'anarta ba, amma ta riƙe."

Ta gyara murya ta faɗe ta da Hausa, a karkace, kamar mai rera waƙar da ba ta san kanta ba. Sunan Baffa ne na yanka, da wani laƙabi na ƙuruciya da mahaifina kaɗai ke kiransa da shi, sannan: "Zai dawo. Ya je neman magani ne. Zai dawo."

Wannan ban san da shi ba. Ba'abzine ma bai taɓa ji ba. Na yi zaton mahaifina ya mutu yana tsine masa. Ashe jiransa yake.

Malam ya juya ya ce, "To wane ne a ƙarƙashin tulun da muka yi wa addu'a?"

Baffa ya zauna a rairayi. Ya ce salka ɗaya ce, ba ta isar mutum biyu. Ya ce ya ga mutuwa a fuskar mahaifina, ya tabbata ba zai kai yamma ba. Ya ce yana da 'ya'ya ƙanana a lokacin.

Na ce, "Shi ma yana da su."

Muka yi wa mahaifina addu'a, ni da Malam da Ba'abzine. Na ƙara duwatsu a inda suka zube. Muka kwana a wurin mutanen, da safe na ɗaura kaya. Da Baffa ya nufo raƙuminsa na riga na kama akalar na ɗaure ta a bayan nawa.

Ya ce, "Ɗana, me kake yi?"

Na ce, "Raƙumin nawa ne, Baffa. Zan je neman magani."

Malam ya sha gabana ya ce wannan ba halin Musulmi ba ne, ba a gyara ɓarna da ɓarna. Na ce masa ya duba da kyau: ga bukkoki, ga nono, ga rijiya, ga mutane, ga ƙafafun Baffa biyu da na kai aka gyara masa. Babban ayari zai biyo ta nan bayan wata guda ko biyu. Na bar masa buhun gero da bargo. Na ce wanda ke kwance a bayan bishiyar can bai sami ko ɗaya daga ciki ba. Malam ya tambayi Ba'abzine ko surukansa za su riƙe amana, shi kuwa ya ce mutanen da suka yi jinyar baƙo kwana tara ba za su bar wannan ya mutu ba, ko da ba sa son ganinsa. Sannan Malam ya hau raƙumi. Bai yi mini magana ba har muka shiga Tasawa.

Baffa ya biyo mu da ƙafa 'yar tafiya yana kiran sunana. Ban waiga ba. Mutane sukan so in ce zuciyata ta karaya a lokacin. Ba ta karaya ba. Rabona da in ji iska na shiga ƙirjina haka tun ranar da aka sa mini battar nan a hannu.

Mun iso Ƙarfi ana tsinkar auduga. Ban ce wa kowa kome ba, na bar wa Malam. Da aka tambaye shi ina Baffa, ya faɗi abin da ya gani a Agadas da abin da ya ji a rijiya, bai rage ba bai ƙara ba, har da abin da ni na yi. Wasu suka ce na yi daidai, wasu suka ce na wuce gona da iri. 'Ya'yan Baffa suka zo da sanduna ƙofar gidanmu, limami ya mayar da su.

Wadda ban shirya wa ba ita ce Inna. Ta saurare ni tana kaɗa zare, ba ta tsayar da mazari ba. Da na gama ta ce, "Da ina kwanciya da sanin ya cika a hannun masoyi. Yanzu ka ba ni gindin ƙaya, a tsufana." Ta yi kusan wata ba ta amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya. Amma ta karɓi battar, kuma ba ta mayar mini ba.

Baffa ya dawo da tsakiyar rani a bayan ayarin gishiri, ya rame, ƙafafunsa duk faso. Ba wanda ya zage shi. Ya fita gindin tsamiya sau ɗaya, aka amsa sallamarsa, sannan kowa ya tuna yana da wani aiki. Kafin damina ya koma Kafur wurin 'yarsa.

Ya yi shekara uku a can. Wata rana ina noman auduga mijin 'yar tasa ya zo ya ce jikin ya yi tsanani, yana kirana. Na ƙarasa kunyar da nake kai, na wanke ƙafa, muka tafi. Na same shi a kan tabarma, ya zama kamar kara. Ya kama hannuna ya ce in yafe masa don Allah.

Na ce, "Baffa, nawa haƙƙin na riga na karɓa, ba na binka kome. Na mahaifina kuwa ba ni da ikon yafe shi. Ka kusa ganinsa, sai ka tambaye shi da kanka."

'Yarsa ta fashe da kuka ta ce in fita mata daga gida. Na fita. Ya rasu bayan kwana biyu, na je aka yi salla da ni, a sahun baya. Malam, wanda a lokacin ya gaji wansa a limanci, ya tare ni a hanyar dawowa ya ce har yanzu yana ganin na yi tsanani, kuma yana yi mini addu'a a kan haka. Na ce na gode, ya ci gaba da yi. Muka tako tare har Ƙarfi muna zancen tsutsar da ta shiga audugar bana.